Ɗebo Wuta a Hayin Kogi

Duk shekara, da zarar Disamba ta raba tsakiya, gidanmu na Anacha sai ya zama namu mu kaɗai. Gidan haya ne mai dogon lungu, ɗakuna na kallon juna, ba nisa da bakin gada inda manyan motoci ke sauke albasa da wake. Mu kaɗai ne Hausawa a cikinsa, sauran duk Ibo ne, su kuwa ba a birni suke yin Kirsimeti ba. Kwana da kwanaki za ka ga ana ta ɗaure kaya: buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, sabbin takalman yara, wani har da akuya tana kuka a bayan mota. Kowa ya kulle ɗakinsa ya kawo wa Umma makulli, ya ce sai sabuwar shekara. Rana ɗaya sai mu wayi gari ba rediyon kowa, ba layi a bakin famfo, ba mai yi mana tsawa don mun ja masa shanya.

Ni da ƙanena Sadi, wannan ne lokacin da muke jira tun farkon zangon karatu. An ba da hutu, tsakar gida ta zama fili. Mu zana 'yar gala-gala da gawayi tun daga ƙofar gida har bakin makewayi, mu yanka kwali mu yi fuskar dodo irin ta yaran unguwa, mu sha agwaluma har haƙoranmu su mutu. Baba kuwa ba ma ganinsa sosai. Dillalin shanu ne, kuma duk shekara babu lokacin da ake neman shanu da awaki kamar wannan. Da asuba yake fita kara, kasuwar shanu, ya dawo murya a dishe, amma ba ya dawowa hannu wofi. Yau wutsiyar sa, gobe ƙafa, jibi hanta a nannaɗe cikin takarda.

Sai Kaka, mahaifiyar Baba. Daga wani ƙauye take a ƙasar Haɗeja. Bayan rasuwar kakanmu Baba ya ɗauko ta da sunan ta zo ta ɗan huta, hutun da bai ƙare ba har ƙarshen rayuwarta. Gajeruwar tsohuwa ce, kullum da goro a kumatu. Ba ta koyi Ibo ba, buroka ma, wato Turancin kasuwa, ba ta riƙe ba, amma ita ke zuwa cinikin kifi, da yatsu da harara, kuma ba a taɓa cutar ta ba. Idan muka fito da safe cikin rigunan sanyi muna rawar ɗari, sai ta dube mu ta yi dariya har ta riƙe ciki.

“Wannan ne sanyin? Ku je garinmu ku taɓa ruwan randa da asuba, ku ji yadda yatsa ke neman gafara.”

Duk da haka ita ce ke fara neman itace. A sauran watanni ba dama. Ruwan saman Anacha ba ya barin mutum ya zauna a waje, mai gidan hayar kuma ya hana hura wuta a tsakar gida, kowa da rishonsa. To a Disamba ruwa ya ɗauke, mai gida ya tafi ƙauye. Kaka sai ta sa mu mirgino duwatsu daga bayan gida ta kafa murhu a gindin bango. Ana idar da magariba za ta shimfiɗa tabarma, ta tura doya cikin toka, ta ajiye kwanon manja da gishiri da yaji a gefe. Gasasshiyar doya da manja abincin mutanen garin ne, ta kuma yarda cewa a wannan kam sun fi mu.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji ana buɗewa a wasu gidaje. Sai ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu a waje, ta ce, “Na ji sallama. Baƙuwa ce a ƙofa.” Mu kuma mu haɗa baki, “Ta shigo, ga tabarma!” Idan ta kai ƙarshe sai ta ce, “Baƙuwa ta sa takalmi,” shi ke nan, ko birgima za ka yi ba ƙari. Sadi take kira maigida, ni kuma ƙawata. Kowace dabba da muryarta a bakinta. In kura ce ta hanci take magana, in kunkuru ne sai ta ja kalma ɗaya har mu ƙosa.

Shekarar da na fi tunawa ina aji huɗu a firamare, Sadi bai fara makaranta ba. A shekarar ɗaki ɗaya bai rufe ba, na Maman Ifeoma, wanda ke kallon namu. Cikinta ya tsufa, an hana ta doguwar tafiya. Mijinta direban babbar bas ne tsakanin Legas da Anacha, a irin wannan lokaci ba a barinsa ya huta, yana sauke fasinja zai juya. 'Yarsu ɗaya ce, Ifeoma, ta ɗan gaza ni a shekaru, siririya mai wushirya, ga surutu kamar rediyo. Da buroka muke magana da ita, wani lokaci da Ibo. Kaka ta kasa faɗin sunanta, Fiyoma take ce mata, ita kuma ta ce Kaka kamar yadda ta ji muna faɗa. Iyakar hirarsu ke nan. Idan an hura wuta takan leƙo ta labulensu, amma ba ta zuwa, tunda ba ta jin abin da ake faɗa.

Ana gobe Kirsimeti, da la'asar, muna cikin wasa muka ji Maman Ifeoma ta kira Umma da wata irin murya. Umma ta shiga, ta fito da sauri, ta tura mai okada ya kira Baba daga kara. Baba ya zo da tasi. Aka fito da matar a rirriƙe, tana cije leɓe, zufa ta jiƙa mata riga. Ifeoma ta damƙe zanen uwarta ta ƙi saki, sai da Kaka ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta rungume ta. Umma ta shiga mota, ta leƙo ta taga.

“Inna, ga yaran nan.”

“Ku je kawai. Allah ya raba lafiya.”

Ifeoma ta yi kuka har muryarta ta ɗauke. Ta zauna a dokin ƙofar gida tana kallon titi, ta ƙi ruwa, ta ƙi abinci. Lokacin waya ba ta yawaita ba, ba mu da hanyar jin komai sai wani ya zo da ƙafarsa. Aka yi magariba ba wanda ya dawo. Kaka ta idar da salla, ta hura wutarta kamar kullum, ta tura doya cikin toka. Sannan ta je ta ciccibi yarinyar ta kawo ta ta ɗora a cinya, ta rufa mata gefen mayafinta. Ta dube ni.

“Ƙawata, yau ke ce bakina. Duk abin da na faɗa ki juya mata da yarensu. Kada ki rage, kada ki ƙara.”

Ta karkata kai ta ji sallama, Sadi ya amsa da iyakar ƙarfinsa, baƙuwa ta shigo. Tatsuniya ce da ba mu taɓa ji ba.

Wata shekara, in ji Kaka, sanyi ya yi tsanani a wani ƙauye har wuta ta mutu a kowane murhu. A ƙauyen akwai wata yarinya Lanti, ita da innarta kaɗai, innar kuma tana kwance, sanyi ya kama mata ƙirji. Inna ta nuna mata hayaƙi can a hayin kogi, ta ce ta ɗauki kasko ta ɗebo musu wuta, kada ta tsaya ko'ina. Lanti ta tattare zane ta ratsa ruwa. A hayi ta sami wata tsohuwa da ta cika mata kasko da garwashi jajawur. Ta ɗauko, tana tafe tana yi wa wutar waƙa don kada ta mutu:

Wuta, wuta, kar ki yi barci,
Inna na gida tana jira,
In kin yi barci wa zai tashe ki?

Kaka ta ce duk inda ta kai ƙarshen waƙar mu ce “Hura, hura!” mu hura wutar da ke gabanmu. Ni da Sadi muka hura har toka ta tashi ta zuba mana a gashi. Ifeoma ba ta hura ba, amma ta daina shessheƙa.

Lanti na cikin tafiya ta haɗu da bushiya, 'ya'yanta sun dunƙule kamar ƙwallo saboda ɗari. Bushiya ta roƙe ta wuta, Lanti ta tsaya ta ɗibar mata. Gaba kaɗan ta tarar da wani tsohon masunci, yatsunsa sun sandare ya kasa kwance kwalekwale. Shi ma ta ɗibar masa. Tana gab da kogi sai ga kura ta tare hanya, haƙoranta na kaɗawa. Nan Kaka ta toshe hanci ta shiga kaf-kaf-kaf da haƙora, tana cewa, “Ya-ya-yarinya, yau ba ci-ci-cin ki zan yi ba, ba-bakin ba ya ru-rufuwa.” Na yi ƙoƙarin juya wannan da buroka, ina kaɗa nawa haƙoran, sai na ji jikin Ifeoma ya girgiza. Dariya ce ta kusa ƙwace mata. Da aka zo waƙa a karo na gaba ta kumbura kumatu ta hura tare da mu.

Kura ma ta sami rabonta. Garwashi ɗaya tak ya rage a kasko, rana kuma ta yi ƙasa. Lanti ta shiga ruwa tana ɗaga kaskon sama, tana waƙa. Ta kai tsakiya sai ƙafarta ta zame a kan dutse, kaskon ya karkace, ruwa ya shiga. Kaka ta ce, “Cuuus.” Wuta ta mutu.

Na juya. Ifeoma ta ɗago kai daga ƙirjin Kaka, idanunta na ƙyalli a hasken wuta, ta tambaye ni a hankali, “Her mama go die?”

Na ce, “Kaka, wai tana tambaya ko innar Lanti za ta mutu.”

Kaka ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙofar ɗakinsu da aka bari a buɗe. Ta ɗauki tsinke ta juya doyar da ba ta buƙatar juyi. Ban taɓa ganin magana ta maƙale mata ba sai ranar.

“Baƙuwa ta gaji,” ta ce. “A nan za ta kwana, gobe ta ƙarasa.”

Sadi ya tashi tsaye. “Ai ba ta sa takalmi ba!”

“Shi ya sa na ce kwana za ta yi, maigida. Ka taɓa ganin an kwana da takalmi?”

Ta ɓare doya ta tsoma a manja, ta dinga sa wa Ifeoma a baki kamar jaririya. Daga baya ta goya ta, duk da ƙafafunta na reto har gwiwar Kaka, ta yi ta zagaya tsakar gida da ita sai da barci ya ɗauke ta. A ɗakin Kaka muka kwana gaba ɗaya.

Da safe garin ya cika da ƙararrawar coci da ƙarar nokawut, abin fashewar da yara ke wasa da shi. Da hantsi Baba ya shigo, idanunsa jajaye. Ya ja Kaka gefe ya yi ƙasa da murya, amma ina bayan labule na ji. Haihuwa ta zo da gardama, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ana neman jini.

“Uban yarinyar fa?” in ji Kaka.

“An aika masa ta wani direba. Yana hanya, amma motoci sun cushe tun daga Asaba. Zan biya mayanka in kwashi samari a gwada jininsu.”

Daga baya Umma ta ba mu labarin yadda samarin mahauta suka cika barandar asibitin da kayan aikinsu, wasu ko hannu ba su gama wankewa ba, kowa na cewa a fara da shi. Akwai wani ƙato da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yana ganin allura ya nemi kujera.

Baba na fita Kaka ta tafa hannu. “Yau sallarsu ce. Ba za a ce yarinya ta yi salla a hannuna da tsohuwar riga ba. Ƙawata, tambaye ta ina uwarta ta ajiye kayan.”

Ifeoma ta nuna akwati. Muka fito da wata riga mai tattara launin hoda, da farar safa, da tabarau na roba mai siffar tauraro. Kaka ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta yi mata kitso shuku, ta rambaɗa mata kwalli. Ta sa aka kama zakaran Umma aka kai wa limamin masallacin layinmu ya yanka. Ta dafa shinkafa dafa-duka da daddawa da busasshen kifi. Ifeoma ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ba irin ta mamanta ba ce. Na juya wa Kaka.

“Ce mata wannan ta Haɗeja ce. Ba kowa ake dafa wa ba.”

Ta cinye, ta miƙo kwano aka ƙara mata.

Da azahar 'yan dodanni suka biyo layinmu, yara ne da suka rufe jiki da buhu da ganye, suna kaɗa gwangwani. Sadi ya kwana biyu yana cika baki cewa shi zai kore su, amma suna leƙo ƙofa ya shige ƙarƙashin zanen Kaka yana ihu. Ifeoma ta yi dariya har tabaranta ya faɗi. Kaka ta ba dodannin agwaluma da cinyar zakara, ta ce in gaya musu su yi wa Fiyoma rawa tunda sun ci. Suka yi kuwa. Amma suna tafiya yarinyar ta koma dokin ƙofa ta zauna cikin sabuwar rigarta, duk okadar da ta wuce sai ta miƙe.

Magariba ta sake yi ba sabon labari. Wannan karon ba a ɗauko ta ba, da kanta ta zo ta hau cinyar Kaka tun wuta ba ta gama kamawa ba. Kaka ta ce baƙuwa ta tashi daga barci, ta wanke fuska, ga ta.

Lanti ta fito daga ruwa da kasko ba wuta, ta zauna a bakin kogi tana kuka. Duhu ya fara. Can sai ta ga wani ɗan haske na tahowa ƙasa-ƙasa. Ashe bushiya ce, ta sa garwashi a ƙoƙon katantanwa tana turowa da hanci, 'ya'yanta na biye suna hurawa. Kafin Lanti ta yi magana sai ga kwalekwalen masunci, wuta na ci a tukunya a tsakiyarsa. Sai kuma suka ji gudu daga daji. Kura ce, ta ɗauko ƙaton itace mai ci da wuta a baki, gashin bakinta na ƙonewa tana, “Ku ka-karɓa, ku ka-karɓa, zan mutu!” Shi ya sa, in ji Kaka, har yau bakin kura baƙi ne. Masunci ya kwashe su duka, har kurar, da sharaɗin ta zauna can ƙarshe ta juya baya. Suka kai Lanti har ƙofar gida. Aka hura wuta, ɗaki ya yi ɗumi, aka dama kunu. Inna ta sha, ta yi gumi, ta tashi zaune.

“Kun san abin da ta fara faɗa?” in ji Kaka. “Ta ce, ke Lanti, wa ya jiƙa miki zane haka?”

Muka fashe da dariya. Na juya wa Ifeoma, ta sa na maimaita mata wurin da inna ta tashi zaune. Ta ce in tambayi Kaka ko da gaske ne. Kaka ta kama fuskarta da hannu biyu, ta dube ta ido cikin ido, ta gyaɗa kai. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Sannan baƙuwa ta sa takalmi. Muka yi ta rera waƙar wuta muna hurawa har Kaka ta ce za mu ƙona wa mai gida bango.

Washegari da sassafe ina shara na ga Umma ta shigo, takalmi a hannu, mayafi a karkace, fuskarta ta faɗa saboda rashin barci. Ta tsaya a tsakar gida ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa jin Umma ta yi guɗa ba.

“Namiji ne! Uwa lafiya, ɗa lafiya! Ta farka har ta sha shayi!”

Ta durƙusa ta faɗa wa Ifeoma da buroka. Yarinyar ta tsaya kamar ba ta ji ba, sai kuma ta juya da gudu ta faɗa jikin Kaka har ta kusa kayar da ita. Kaka na ta “Alhamdulillahi” tana share ido da bakin zane, tana cewa hayaƙi ne ya shige mata, alhali ba a hura wuta ba tukuna. Da rana uban ya iso, ya zo ya zube gaban Baba yana kuka, Baba ya rasa inda zai sa kansa don kunya, sai cewa yake ya tashi, ya tashi, maƙwabtaka ce.

Da aka sallamo Maman Ifeoma, Kaka ta karɓe ta kamar 'yar cikinta. Kullum da rigimar kunun kanwa da ruwan zafi, ni ce tafinta a tsakiya, wannan ta ce ba za ta sha ba, waccan ta ce sai ta sha. Daga wannan shekara Ifeoma ba ta ƙara leƙe ta labule ba. Ta koyi Hausa a bakin murhun nan, Hausar Haɗeja tsantsa, har mahauta na mamakin inda 'yar Ibo ta samo ta. A shekarun da suka biyo baya, yaran gidan kan roƙi iyayensu a ɗan jinkirta tafiya ƙauye ko da kwana ɗaya ne, su ma su hura wuta.

Na girma, na yi aure, muka zauna a Obiagu cikin Inugu. Kaka ta rasu ina da cikin fari. Duk hutun Disamba nakan hura gawayi a baranda in gasa wa yarana doya, kuma tatsuniyar Lanti ce suka fi so. Na daɗe ina ganin na gama fahimtar ta: abin da ka ba wani bai ɓata ba, ranar da naka ya ƙare zai dawo maka. Haka nake faɗa musu.

Sai wata shekara muka je ƙauyen su Kaka bikin 'yar ƙanen Baba. Lokacin sanyi ne, na kuma taɓa ruwan randa da asuba na ba Kaka gaskiya. Ƙanwarta Iya Hansai na nan da rai, ta tsufa tukuf, muryarta sak ta Kaka. Da yamma yaran gida suka kewaye ta a bakin wuta, nawa ma suka shiga. Sai kuwa ta ɗauko tatsuniyar Lanti. Bushiya, masunci, kura, waƙar, duk suna nan. Kasko ya faɗa ruwa. Lanti ta koma gida hannu wofi cikin duhu, ta tarar innarta ta yi sanyi, ba ta motsi. Iya Hansai ta ɗaga yatsa ta ce wannan shi ne sakamakon yaron da aka aika ya tsaya a hanya.

'Yar autata ta miƙe tsaye. “Ba haka ba ne! Kura ta kawo wuta a baki!”

“Wace kura?” in ji Iya Hansai. “Ni tun ina kamarki nake jin wannan tatsuniya a bakin kakarmu, ni da Yaya. Uwar mutuwa take yi. Mukan kwana muna kuka. Wa ya ce miki kura ta dawo?”

Na ce, “Iya, Kaka ce ta faɗa mana haka, a Anacha.”

Na ba ta labarin Ifeoma, da tambayar da ta yi, da baƙuwar da ta kwana ba ta ƙarasa ba. Tsohuwar ta dubi wuta. Can ta girgiza kai ta yi dariya.

“Yaya ke nan. Wato ta fara ne ba ta tuna inda za ta ƙare ba.” Ta gyara zama ta matso kusa da ni. “To, faɗa mini daga inda kaskon ya faɗa ruwa. A hankali, kaina ba ya riƙe abu kamar da.”

Na faɗa mata, da muryar kura da komai, yaran ƙauye na ta dariya.

A hanyar dawowa kudu na yi ta juya abin a raina. Ban daina yarda cewa alheri na dawowa ba, ko da yake na rayu na ga inda ya dawo a makare, na ga inda bai dawo ba sam. Amma yanzu in na tuna tatsuniyar, ba Lanti nake gani ba. Tsohuwa nake gani, da 'yar maƙwabta a cinya, 'yar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba. A hannunta akwai abin da ta gada daga kakarta, da darasinsa da komai, kuma ita ma ba ta san me ke faruwa a asibiti ba, tana iya yiwuwa gari ya waye da mummunan labari. Duk da haka ta zaɓi ta ajiye gadon, ta ƙera sabon ƙarshe da yarinyar za ta iya kwana da shi. Kaka ba ta da jinin bayarwa, ba ta da mota, ba ta da yaren da za ta rarrashe ta da shi. Uwa ɗaya ce rayuwarta ke hannunta a wannan maraice, ita ce innar Lanti, kuma ba ta bari ta mutu ba.